Kada jika ta zama tafintar kakarta a asibiti

Wani ɗan'uwa mai tuƙa tasi a unguwar Bronx ta birnin Niyok na Amurka ya rubuto mini cewa mahaifiyarsa ta zo daga Damagaram, tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma ba ta jin Turanci ko kaɗan. Duk ranar ganin likita sai ya cire 'yarsa mai shekara 13 daga makaranta ta raka ta, don ta yi musu tafinta. Yana tsoron in ya nemi tafintan asibiti za a ƙara masa kuɗi, ko a fara tambayar takardun Hajiya.

Malam, Allah ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar mahaifiya, ya ba Hajiya lafiya. Amma don Allah ka mayar da yarinyar nan aji. Samar da tafinta nauyi ne da ke kan asibiti, kuma kyauta ne, ko sisi ba za a caje ka ba. Sashe na 6 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ya hana duk wata cibiya mai karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasar mutum, sashe na 1557 na dokar lafiya ta Obama ta 2010 kuma ya ɗora wannan a kan harkar jinya. Kusan kowane asibiti yana karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, don haka dokar ta hau kansa. Dokar mutum ta ambata, ba ta ware ɗan ƙasa ko mai katin zama ba, neman tafinta kuwa bai da alaƙa da takardu. Na san ka ji cewa a watan Maris na 2025 Shugaba Trump ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, ya kuma soke umarnin da Clinton ya bayar a 2000 kan taimakon harshe. Haka ne, sai dai umarnin shugaba ba ya goge dokar da Majalisa ta kafa.

Abin da ya fi damuna shi ne ita Hajiya. Ka sa kanka a ɗakin: likita ya tambaye ta me ke damunta, ta sunkuyar da kai ta ce tana da "sanyi". Kai da ni mun san inda dattijuwa ta dosa in ta faɗi haka. Yarinyar da ta tashi a Amurka za ta ce wa likita kakarta mura take yi, a rubuta maganin tari a sallame su. In aka zo kan fitsari, ko basir, ko al'amuran mata, wace kaka ce za ta buɗe baki a gaban jikarta? Kunya za ta sa ta ce lafiya lau. Sannan in sakamakon gwaji ya zo da labari mai nauyi, bakin 'yar shekara 13 ne zai fara faɗa mata. Shi ya sa ƙa'idar da Ma'aikatar Lafiya ta fitar a 2024 ta hana asibiti dogara da ƙaramin yaro wajen tafinta, sai in rai na cikin haɗari kuma ba a sami wani ba. A 1980 a jihar Fulorida, iyalin wani matashi Willie Ramirez sun faɗi kalmar Sifaniyanci da ke nufin ya ci abin da ya ɓata masa ciki, aka ɗauka ƙwaya ya sha, alhali jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Ya shanye daga wuya har ƙafa.

Tun ranar da kake karɓar lokacin ganin likita ka ce musu "Hausa interpreter", ka sa a rubuta a fayil ɗinta. Yawanci ta waya ko ta bidiyo ake haɗa masu Hausa, wani lokaci sai an ɗan jira. Ka gaya musu Hausar Nijar take yi, domin in ta ce "lokotoro" ko ta sako Faransanci, wani Bakano zai iya yin tuntuɓe. In tana son mace, ta nemi mace. In ba su fahimci juna ba, a canja. Kada ta sa hannu a takardar tiyata sai an fassara mata ita, ta kuma maimaita da bakinta yadda za ta sha kowane magani kafin ku fito.

In suka ce ku zo da naku, ka rubuta rana da sunan wanda ya faɗa, ka nemi ofishin sauraron koken majinyata na asibitin. In ba a gyara ba, kana da kwana 180 ka kai ƙara OCR, ofishin kare 'yancin jama'a na Ma'aikatar Lafiya ta tarayya. Kai kuma ka zauna kusa da ita a matsayin ɗa, ka riƙe mata jaka da kwalaben magani, ka saurari abin da tafinta ke faɗa.