Sawakin: Me Ya Sa Gyaran Gini Kaɗai Ba Ya Farfaɗo da Gari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakana ya je Hajji ta ƙasa, kuma yana yawan ba mu labarin Sawakin, inda suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Kwanan nan na ga hotunan garin, duk kufai. Na ji an ce Turkiyya ta gyara wasu gine-gine a can, amma masana na cewa da sauran aiki. In an gyara gini, me kuma ya rage? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya saka wa kaka da alheri, don waɗanda suka bi wannan hanya sun sha wuya ba kaɗan ba. Abin da ya rage, ɗan'uwa, shi ne duk abin da ke kewaye da ginin, kuma shi ne kaso mafi girma.

Tsohon garin Sawakin ɗan tsibiri ne a gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan. Yana zaune a ƙarshen wani siririn mashigin ruwa da ya ratsa tsakanin duwatsun ƙarƙashin teku, saboda haka jirgi in ya shigo ya tsira daga igiyar ruwa. Wannan mashigi shi ya yi garin, shi ne kuma ya kashe shi. Da manyan jiragen Turawa suka zo sai ya yi musu ƙunci, Ingilishi suka fara gina Port Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can.

Daga nan gidaje suka fara zubewa, kuma dalilin yana da muhimmanci ga tambayarka. An gina su ne da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku. Dutse ne mai ƙofofi, yana shan laima da gishiri, shi ya sa magina ke jera katako a cikin bango don ya ɗaure shi, sannan su rufe da farin shafe. Kamar gidan ƙasa ne a wajenmu: in aka daina yaɓe kafin damina, ba sai kowa ya sa masa hannu ba, da kansa zai kwanta. Da masu gida suka tashi, shafe ya ɓare, gishiri ya ci dutse, katako ya ruɓe. Tagogin katako masu sassaƙa da ake kira roshan, irin na tsohuwar Jidda, waɗanda ke tace iskar teku su sanyaya ɗaki, suka faɗo tare da bangonsu. Wanda ya zo yau ya liƙa siminti ya ƙara ɓarna ne, don siminti yana kulle laima a ciki.

Aikin da TIKA, hukumar Turkiyya mai ayyukan tallafi a ƙasashen waje, ta yi gaskiya ne. Ta gyara masallacin Hanafi da na Shafi'i da ginin kwastan, kuma a Disambar 2017, lokacin ziyarar shugaban Turkiyya Erdogan, Sudan ta amince Turkiyya ta ci gaba da gyaran tsibirin. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Sai dai masallaci fari tas a tsakiyar tarin ɓaraguzai ba ya gaya wa baƙo yadda garin ya rayu.

Tsibirin bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba. Ba shi da ruwan sha na kirki, daga rijiyoyin Shata da ke kan tudu ake kawowa. A gaɓar da ke fuskantarsa akwai unguwar Gef, mai kasuwa da zangon raƙuma, inda 'yan ƙabilar Beja ke sauka daga duwatsu da dabbobinsu. Ayarin fatake daga nan yake tashi ya nufi garin Berber a bakin kogin Nilu. A zamanin Gordon, Baturen Ingila da ya yi gwamnan Sudan, aka yi hanyar cike da ta haɗa tsibirin da tudu, a shekarun 1880 kuma aka ƙarfafa ganuwa saboda yaƙin Usman Digna, kwamandan dakarun Mahdin Sudan, ƙofar ganuwar mai sunan Kitchener, hafsan sojan Ingila, tana nan har yau. Mahajjatanmu, waɗanda a can ake kira Takari, galibi a wajen tsibirin suka zauna, suna aikin ƙarfi suna tara kuɗin jirgi, wasu ma a nan Sudan suka yi zuri'a. Abin da ya fi damuna ke nan: in gyara ya tsaya a gidajen attajirai da ofisoshin hukuma, Sawakin ɗin kakanka ba ta cikin labarin kwata-kwata.

Don haka masana ke cewa a fara da shata iyakar kariya mai faɗi, wadda ta haɗa mashigin ruwa, Gef, ganuwa da rijiyoyi, a hana dogayen gine-gine da za su tare ganin tsibirin daga teku. A horar da matasan garin aikin murjani da kafintar roshan, don gyara ba na rana ɗaya ba ne. A zauna da magada, tunda yawancin gidajen na iyalai ne da suka watsu a wasu garuruwa, kuma gidan da ba a shiga ba zai sake faɗuwa. A bar masunta da masu sassaƙa jiragen katako a bakin ruwansu, kada a kore su da sunan tsabtace wuri.

Garin yana da wata dama da kufai da yawa ba su da ita. Tashar Usman Digna da ke kusa tana aiki, fasinjoji da tumaki na tsallakawa Jidda daga nan, wato tsohuwar sana'ar ba ta mutu ba. Sawakin na cikin jerin wuraren da Sudan ta gabatar wa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1994 don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, amma ba a kai ga amincewa da ita ba, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya karkatar da kuɗi da hankalin hukuma zuwa wani wajen. Kafin zaman lafiya ya dawo, aikin gaggawa shi ne tokare bangon da ke tsaye da auna shi, tare da naɗar labarin tsofaffi. Ku ma ku rubuta abin da kaka ya faɗa muku, zango-zango, da sunayen garuruwan da suka yada zango, don irin wannan shaida masu bincike ke nema.