Allura ta soki mai shara a asibiti: ta jira ko ta nemi magani?

Kin tambaya ko ƙanwarki mai aikin shara a asibiti, wadda allurar da aka riga aka yi amfani da ita ta soke ta a yatsa sa'ad da take ɗaga ledar shara, za ta iya jira ta ga ko wata alama za ta bayyana. Kada ta jira. Ta wanke wurin da sabulu da ruwan famfo ba tare da ta matse ko ta tsotse shi ba, sannan ta sanar da shugabar ma'aikatan jinya ta sashen domin a rubuta abin da ya faru, a kuma gwada jininta. Maganin kariya daga ƙanjamau da ake kira PEP dole ne a fara shi kafin cikar awa 72, gara ma a ranar, kuma ana shan sa kwana 28.

Abin da na lura da shi a wurin aiki shi ne hankalin kowa yakan tafi kan ƙanjamau, alhali ciwon hanta nau'in B ya fi saurin kamawa ta wannan hanya. Idan allurar ta taɓa jinin mai ɗauke da cutar, haɗarin ƙanjamau kusan 3 ne cikin 1,000, na hanta kuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba, kuma masu shara, musamman waɗanda ɗan kwangila ya ɗauka, su ne aka fi mantawa da su wajen rigakafin. Idan ba a taɓa yi mata ba, ta faɗa wa likita tun a zaman farko domin a fara mata nan take.