Ruwan lagireto yana raguwa amma ba na ganin yoyo: sai an buɗe inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata mai amfani da fetur ce, ta haura shekara 10. Wata biyu ke nan duk mako sai na ƙara kusan lita 1 na ruwa a lagireto, amma ban taɓa ganin ko ɗigo a ƙasa inda nake ajiye ta ba. Idan na shiga cunkoso allurar zafi takan wuce rabi, da hanya ta buɗe sai ta sauko. Wani lokaci in na kashe ta nakan ji wani wari mai zaƙi-zaƙi ta wajen bonet. Bakanike ɗaya ya ce tof gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan inji da jikinsa, sai an buɗe inji. Wani kuma ya ce a cire tamostat, wato ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, a zuba maganin toshe yoyo, shi ke nan. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Dukansu biyu sun rubuta maka magani ba su auna ciwon ba, alhali akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna inda ruwan yake bi kafin a kwance noti ko ɗaya.

Ruwan inji a rufe yake zagayawa. Famfon ruwa ya tura shi cikin inji, ya kwashi zafi, ya bi tiyon sama zuwa lagireto, iska ta sanyaya shi, ya dawo ta tiyon ƙasa. Ba ƙonewa yake kamar fetur ba, shi ya sa lafiyayyiyar mota takan yi watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. Yawancin ƙananan motoci lita 5 zuwa 8 suke ɗauka gaba ɗaya, ka ga wanda yake rasa lita 1 a mako ba ƙaramin abu yake rasawa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai yana fita waje, ko yana shiga ciki, wato cikin inji ko, a wasu motoci, cikin giya.

Rashin ganin ruwa a ƙasa shi ne abin da ke ruɗar mutane har su yanke cewa gasket ne. Idan inji ya yi zafi, ruwan yana kaiwa digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas, kuma a matse yake. Ƙaramin tsagi a roba ko tiyo ba ya buɗewa sai matsin ya hau, wato lokacin da kake tafiya. Abin da ya fito ya faɗi kan ƙarfe mai zafi, nan take ya zama tururi. Da ka kashe mota ta huce, matsin ya sauka, tsagin ya koma ya haɗe, ƙasa ta kwana a bushe. Wannan warin mai zaƙi da kake ji ta wajen bonet warin sinadarin gilaikol ne da ke cikin ruwan sanyaya inji, kuma a ganina shi ne babbar alama a cikin duk bayaninka. Wari daga ƙarƙashin bonet ya fi nuna yoyon waje. Da gasket ne yake shanye ruwan, ta salansa za ka fi jin sa.

To, fara da idonka. Da safe, kafin ka tayar da mota, ɗauki tocila ka buɗe bonet. Ba jiƙa kake nema ba, sawu kake nema: busasshen gari fari, ko kore, ko mai ruwan hoda, wanda ruwan ke bari bayan ya ƙafe. Duba bakin kowane tiyo inda kilif ya ɗaure shi. Matsa tiyon da hannu. Wanda ya yi laushi tuɓus, ko ya kumbura kusa da kilif, ko ya bushe ya yi tsattsage, ya gama aiki. Lagireton motocin zamani tsakiyarsa alminiyam ne, gefensa roba, an naɗe bakin alminiyam ɗin a kan robar. A motar da ta haura shekara 10, wannan mahaɗar da wuyan da tiyon sama ke shiga su ne wuraren da nake fara zargi, domin nan ruwa mafi zafi yake fara sauka, robar kuma tana gasuwa a hankali har ta yi gautsi. Duba mazaunin tamostat, da robar ajiyar ruwa, musamman ƙasanta.

Sai famfon ruwa. A jikinsa akwai wani ɗan rami da aka yi da gangan, domin idan sil ɗin ciki ya fara mutuwa ruwa ya fito ta nan. In ka ga sawun ruwa ya gangaro daga ramin, ko ka ji famfon yana gurnani, ko kan da bel ke juyawa yana girgiza idan ka taɓa, ka samu ɓarawon. A wasu motoci famfon yana ɓoye a bayan murfin taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin sassan cikin inji, sai dai ka ga sawun a ƙasan murfin. Kada ka manta da cikin mota: taɓa kafet ɗin gaba, wajen ƙafar fasinja. Idan yana da danshi mai santsi, ko gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo in ka kunna hita, to ƙaramin lagireton hita da ke cikin dashbod ne ya huje. Ruwan da ke ɗiga a ƙasa bayan an yi amfani da esi kuwa fari ne tas, ba wari ba santsi, ba shi da alaƙa da matsalarka.

Murfin lagireto ya cancanci magana ta musamman, domin an fi raina shi. Ba marufi kawai ba ne, akwai sifirin da roba a cikinsa da ke riƙe matsi, yawanci bar 0.9 zuwa 1.1 (bar ma'aunin matsi ne), kuma lambar tana rubuce a kansa. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa. Wanda aka haɗa rabi da rabi da gilaikol sai wajen 107. Idan murfi ya riƙe matsin bar 1, sai ya kai kusan 129 kafin ya tafasa. Da sifirin ɗin ya saki, wannan ratar ta tafi: ruwan ya tafasa da wuri, ya cika robar ajiya, ya malale a kan hanya kana tafiya, kai kuma ka dawo gida ka ga ƙasa a bushe. Murfi kaɗai yana iya haddasa duk abin da ka lissafa.

Idan ido bai gano ba, nan ne gwajin matsi yake shigowa, kuma shi nake so ka tsaya a kansa kafin kowa ya taɓa injinka. Ɗan famfon hannu ne mai agogo. Ana ɗaura shi a gurbin murfi inji yana sanyi, a buga iska har ta kai lambar da ke kan murfin, ba a wuce ta, domin wucewa na iya fasa abin da yake lafiya. Sai a jira minti 15 zuwa 20 ana kallon agogon. Amfaninsa shi ne ya kawo matsin tafiya alhali ƙarfe yana sanyi, don haka duk abin da ya fito ba zai ƙafe ba, za a gan shi yana tsiyaya. Da wannan famfon ake gwada murfin ma. In yoyon ya cika ƙanƙanta, akwai rini da ake zubawa cikin ruwan, a yi tafiyar kwana biyu, a haska da fitila ta musamman, wurin ya yi ƙyalli.

Idan allurar agogon ta sauka amma ko'ina a waje a bushe yake, to a lokacin ne maganar bakanike na farko ta samu gindin zama. Ko a nan ma akwai shaidu da ake nema. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa daga salansa bayan inji ya ɗumama, ba ɗan tururin safiya ba. Inji ya riƙa rawa na 'yan daƙiƙu idan an tayar da shi da safe, saboda ruwan da ya kwana a silinda. Tiyon sama ya yi tauri kamar an hura shi minti kaɗan da tayarwa, tun ruwa bai yi zafi ba. Kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa a bakin lagireto. A kwance fulogi a ga ɗaya ya fi sauran tsabta, tururi ya wanke shi. Baƙin mai ya koma fari-fari, ya yi kauri. Wannan ta ƙarshen sai da lura: ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai kaɗai yana iya zama raɓa ce ta motar da ba ta doguwar tafiya, a duba sandar auna mai. Kuma gasket yana iya ƙonewa mai bai gauraya ba ko kaɗan. Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na shuɗin ruwa: ana ɗora kwalbarsa a bakin lagireto inji yana aiki, a zuƙo iskar ciki ta ratsa shi. Idan hayaƙin silinda yana shiga ruwan, shuɗin zai koma rawaya a injin fetur. Motar da ke da giya mai sarrafa kanta kuma a duba man giyar, domin a da yawansu bututun sanyaya shi ta cikin lagireto ya bi, in ya fashe sai su gauraya, kuma wannan yana kashe giya da sauri.

Gyaran ya danganta da abin da aka gano. Tiyo a canza shi da kilif ɗinsa, kada a naɗe da tef. Robar lagireto da ta tsage ba ta riƙe gam na dogon lokaci, tunda kullum tana buɗewa tana tsukewa da zafi, sabo ya fi kwanciyar hankali. Famfon da taimin bel ke juyawa a canza su tare, tunda kwancewar ɗaya ce, kuma ruwan da ya zuba a kan bel ya riga ya raunana shi. In kuwa gasket ne da gaske, kada a tsaya ga sa sabo kawai. A auna kan injin da miƙaƙƙen ƙarfe, domin kan alminiyam yana lanƙwasa da zafi, kuma abin da yawancin masu ƙera motoci suka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba. A gwada shi ko ya tsage. A ɗaure notocin bisa tsari da ƙarfin da littafin motar ya faɗa, waɗanda ba a maimaita amfani da su a sa sababbi. Sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon.

Shawarar bakanike na biyu ita ce ta fi damuna. Tamostat ba ya shan ruwa, cire shi ba zai toshe rami ba. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82 zuwa 92 sannan ya buɗe. Idan babu shi inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ci gaba da ƙara fetur, ƙarafa su fi saurin cinyewa, allura kuma ta kwanta ƙasa ka ɗauka an warke alhali ruwan yana ci gaba da tafiya. Idan ya maƙale a canza shi. Maganin toshe yoyo kuwa bai san ramin da kake so ya toshe ba. Yana iya kama ɗan huji ya kai ka gareji, amma haka zai kwanta a siraran bututun lagireto da na hita ya rage musu hanya. Ga motar da tuni take ɗaukar zafi a cunkoso, wannan ƙarin ciwo ne.

Shi zafin cunkoson yana iya zama daga ƙarancin ruwa, amma a duba fanka. A tsaye babu iskar hanya, fanka kaɗai ke sanyaya lagireto. Ka bar motar tana aiki a tsaye ka ga ko za ta tashi da kanta bayan allura ta kai tsakiya. In ba ta tashi ba, a bi fiyus, rile da na'urar jin zafi. Kada hannunka ya kusance ta, tana iya tashi ko inji a kashe.

Wata biyu kana ƙara ruwa, in na famfo kake zubawa to ruwan cikin ya riga ya tsinke, sinadaran hana tsatsa sun yi ƙaranci. Bayan gyara a zubar da shi duka, a wanke, a zuba irin wanda littafin motarka ya ambata, rabi da rabi da tataccen ruwa idan ba haɗaɗɗe ka saya ba. Kada ka dogara da launi, iri biyu daban suna iya zuwa da launi ɗaya, kuma gauraya wasu yana haifar da laka. A fitar da iska: hita a kan zafi, a buɗe notin fitar da iska in motar tana da shi, a bar inji ya yi aiki har tamostat ya buɗe, fanka ta tashi. Iskar da ta maƙale tana sa zafi ko babu yoyo. Tsohon ruwan a tara shi a rufe a kai inda ake karɓa. Gilaikol guba ne mai zaƙi, kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙodar yaro ko dabba.

Kafin ka kai ga gwajin, ina roƙonka abu biyu. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan yana fesowa ya saɓule fata, ka jira aƙalla minti 30 har tiyon sama ya yi laushi. Idan kuma allura ta doshi ja, kashe esi, kunna hita har ƙarshe, ka samu gefe ka kashe mota, kada ka kwara mata ruwan sanyi. In ka ga hita ta koma busa sanyi inji yana da zafi, ruwan ya yi ƙasa sosai, ko allura ta ce lafiya kada ka yarda da ita, domin na'urar ba ta auna daidai idan babu ruwa a kanta.

Bayan an gama gyara, yi alama da maka a jikin robar ajiya da safe inji yana sanyi, ka riƙa dubawa kowace safiya har mako 2. A kwanakin farko yana iya ɗan sauka yayin da ragowar iska ke fita, ka cike ka sake alama. Idan ya ci gaba da sauka bayan haka, a maimaita gwajin matsi, domin sau da yawa toshe babban rami ne ke dawo da cikakken matsi ya tona na biyu.