Kun Tambaya, Mun Amsa: Samurai na Fim da Samurai na Tarihi

Assalamu alaikum. Na kalli fassarar Hausa ta fim ɗin The Last Samurai, na ga samurai sun ƙi riƙe bindiga suna cewa abin kunya ne, suka tari sojojin gwamnati da takobi da kwari da baka. Da gaske haka aka yi? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba haka aka yi ba. Fim ɗin na 2003 ya ɗauko labarinsa ne daga boren Satsuma na 1877 a ƙasar Japan, boren samurai, wato mayaƙan gado na ƙasar, wanda Saigo Takamori ya jagoranta, kuma mutanen Saigo da bindigogi da igwa suka fito. Sun kwashi makamai daga rumbunan gwamnati a Kagoshima, sun yi wa sansanin Kumamoto ƙawanya kusan wata biyu suna ɓarin wuta. Abin da ya kada su shi ne ƙarancin harsashi da albarushi. Yawancin bindigoginsu irin na ɗuri ta baki ne, ruwan sama na jiƙa musu albarushi, alhali na gwamnati ta baya ake sa musu harsashi. Sun koma ga takobi ne don dole. Ita ma gwamnatin sai da ta kafa rundunar 'yan sanda masu takobi, da yawansu tsofaffin samurai, don su tare su a Tabaruzaka. Ranar 24 ga Satumba 1877, a tudun Shiroyama, wajen mutum 500 suka rage wa Saigo a gaban sojoji wajen 30,000.

A lokacin nan bindiga ta haura shekara 300 a hannun samurai. A 1543 'yan Fotugal suka kawo ta tsibirin Tanegashima, mai mulkin tsibirin ya saya, ya sa maƙerinsa ya kwaikwaya. A yaƙin Nagashino na 1575, Oda Nobunaga ya jera 'yan bindiga a bayan shingen itace suka karya rundunar gidan Takeda. Shi kuwa sojan Amurka da Tom Cruise ya fito a matsayinsa ƙirƙirarsa aka yi. Mafi kusa da shi a tarihi wani hafsan Faransa ne, Jules Brunet, a wani yaƙin daban na 1868 zuwa 1869. Dalilin boren Satsuma ma na neman abin kai wa baki ne da kare matsayi: a 1873 aka fara ɗaukar 'ya'yan talakawa soja, a 1876 aka hana yawo da takobi, aka kuma mayar da albashin gado na samurai takardun lamuni.

Ni maƙeri ne, ƙira na gada. Yara suna nuna mini a waya takobin Japan yana datse ƙarfe da bakin bindiga, wai sau dubu ake ninka ƙarfensa. Ina son bayani irin na masu sana'a. Daga Daura.

Baba, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Za ka gane zancen nan fiye da masu shirya fim ɗin. Tamar da Japanawa suke da ita baƙin yashi ne mai ƙarfe a ciki. Ana zuba shi da gawayi a murhun laka da suke kira tatara, ana zuga kwana uku dare da rana. Yashi wajen tan 10 da gawayi wajen tan 12 kan ba da dunƙule na tan 2 da ɗoriya, kuma ba duka ne ke yin takobi ba. Ƙarfen yana fitowa da datti, wani ɓangare ya sha gawayi da yawa ya yi tauri, wani bai sha ba. Ninkin da ake yi gyaran wannan aibi ne: a gasa, a buga, a tsaga, a ninka, har dattin ya fita taurin ya daidaita. Sau 10 zuwa 15 ake yi. Lissafin ne ya ruɗi mutane, domin ninki 10 yana ba da shimfiɗa 1,024, ninki 15 kuma 32,768. Shimfiɗun ne suka kai dubbai. In aka zarce da ninki, ƙarfen ƙonewa yake yi ya rage nauyi, taurinsa kuma ya tafi.

Daga nan sai a naɗe ƙarfe mai laushi a cikin mai tauri, don cikin ya riƙa shanye duka, wajen ya riƙe kaifi. Wurin ba shi ruwa ne gwaninta take. Ana shafa masa laka da aka kwaɓa da garin gawayi da garin dutse, siririya a bakin kaifi, mai kauri a gadon baya. A duhu ake gasa shi don maƙeri ya karanta zafin daga launin ƙarfen, sannan a tsoma a ruwa. Bakin yana hucewa nan take ya yi tauri ƙwarai, bayan kuma a hankali, ya zauna da laushinsa. Wannan bambancin ne ke ƙara masa lanƙwasa, shi ne kuma ke barin zanen nan mai kama da igiyar ruwa a gefen kaifi. In zafin ya wuce kima ko ruwan ya yi sanyi da yawa, bakin ya tsage, aikin makonni ya tashi a banza.

To abin da ya yi tauri haka yana ɓarewa. Ka sare ƙarfe da shi, bakin ya yi giɓi. Ka sara a karkace, ya lanƙwashe. Ba ya datse bakin bindiga. Wannan bugun kaifi da kaifi na minti biyar da ake yi a fim, da an yi shi da takobin gaske da ya koma zarto. Tsawon ƙarfensa wajen santimita 70 ne, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai, kuma ɗan turken gora ne kaɗai ke riƙe shi a ƙota, shi ya sa ake duba turken kafin a yi sara. Jini ko zufar yatsa in suka kwana a jikinsa tsatsa yake yi, sai an goge an shafa mai kafin a mayar kube.

Ranku ya daɗe, ina hawa a tawagar hakiminmu duk Sallah. Dawakin samurai da kayan jikinsu haka suke kamar na fim? Daga wani mahayi, Katsina.

Sannu, barde. Dawakin Japan na wancan zamani gajeru ne masu ƙarfi, wajen santimita 130 a kafaɗa, kuma takalmin ciyawa ake saƙa musu a ƙafa, a sauya in ya cinye. Dogayen da kake gani a fim na ƙasashen waje ne. Samurai na zamanin Kamakura da ya soma a ƙarshen ƙarni na 12, maharbi ne a kan doki. Bakansa ya haura mita 2, ana riƙe shi a ƙasa da tsakiya. Takardun raunuka da mayaƙa suka riƙa miƙawa don neman lada a ƙarni na 14 sun nuna kibiya ce ta fi yi wa mutane rauni. Daga baya mashi da bindiga suka karɓe fage. Takobi na ko-ta-kwana ne, in mashi ya karye ko an zo gaba da gaba. Kayan jikin kuwa ƙananan faranti ne na ƙarfe da fata, a shafe su da ƙaro mai ƙyalli don kada su yi tsatsa, a ɗaure da igiyar siliki. Aibinsu igiyar tana shan ruwa ta yi nauyi, ta ƙi bushewa, ta tara ƙwarƙwata a doguwar tafiya.

Ni malama ce. Ɗalibaina maza sun ɗauki samurai a matsayin wanda ba ya cin amana, kuma suna yaba yadda yake farke cikinsa in ya ji kunya. Me zan gaya musu? Daga Daura.

Malama, wannan ce tambayar da ta fi damun mu. Ki fara da Sekigahara, 1600: yaƙin da ya ba Tokugawa Ieyasu mulkin Japan ya juya ne lokacin da Kobayakawa Hideaki ya sauya sheƙa ana tsakiyar fafatawa. Nobunaga kansa kwamandansa ne, Akechi Mitsuhide, ya ci amanarsa a 1582. Akwai masu riƙon amana, akwai maciya amana, kamar kowace runduna.

Yawancin abin da ake kira bushido, wato ƙa'idojin ɗabi'ar samurai, an rubuta shi ne bayan yaƙi ya ƙare. Daga 1603 zuwa 1868 ƙasar ta fi zama lafiya, samurai suka koma ma'aikatan ofis da masu karɓar haraji, ana biyan su da shinkafa a ma'aunin koku, wajen lita 180, abincin mutum ɗaya na shekara. Ƙananansu bashi ya yi musu katutu, wasu har lema suke haɗawa su sayar. Littafin da ya kai kalmar ga Turawa Nitobe Inazo ne ya rubuta shi, da Ingilishi, wajen 1900, kuma Kirista ne mai son Turawa su ga ƙasarsa da mutunci. Daga baya gwamnatin soja ta ɗauki aƙidar ta tura dubban matasa ga halaka a Yaƙin Duniya na Biyu.

Farke ciki kuwa sau da yawa hukuncin kisa ne, da shaidu a zaune da wani a tsaye a baya riƙe da takobi don ya ƙarasa mutum. Mayaƙan nan 47 da suka ɗaukar wa ubangidansu fansa a 1703, hukuma ce ta yanke wa 46 daga cikinsu wannan hukunci. Fim ɗin Amurka na 2013 a kan labarinsu, 47 Ronin, ya ƙara musu mayya da dodanni da jarumin da bai taɓa rayuwa ba. Ki gaya wa yaran fim yana sa kiɗa mai taushi a kan abin da ke barin marayu, kuma addininmu ya haramta kisan kai.

To wanne za mu kalla? Daga masu gidan kallo, Ƙofar Sauri.

Ku nemi Seven Samurai na Akira Kurosawa, 1954, inda mayaƙa ke aiki don kwanon shinkafa, kuma duk huɗun da suka mutu a cikinsu bindiga ce ta kashe su. Shogun na 2024 ma ya yi ƙoƙari a sutura da harshe, ko da yake an sauya sunayen mutanen tarihi, kuma akwai wuraren da ba na yara ba. In kuna son gwada kowane fim, ku dubi ɗamarar jarumin. Katana, takobin samurai da aka fi sani, ana soke shi ne a ɗamara kaifi sama, tsohon takobin mahaya kuma, tachi, ana rataye shi kaifi ƙasa.