Amsa: Kukis da fakitin kunun rage ƙiba

'Yar uwa kin ce kunun nan na fakiti ya fara ginsarki, ko za a iya mayar da shi kukis. Ana yi sosai, ni ma da shi na tsira a sati na uku da fara shan sa don warin ots ɗin da ke cikinsa kaɗai tada min zuciya yake.

Ki juye fakiti ɗaya a kwano, ki zuba ruwa cokali 2 ko 3 kawai, kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya yi kauri kamar kwaɓin cincin, in ya yi ruwa to kin yi fanke ba kukis ba. Ɗan garin kirfa ko citta yana gyara shi. Ki shimfiɗa takardar gashi a tire, ki raba huɗu ki danna su yi faɗi, ki sa a obin a zafin digiri 180 na Celsius minti 10 zuwa 12, amma ki tsaya a kai don yana saurin ƙonewa saboda madarar ciki. Ki bari ya huce kafin ki ɓanɓaro.

Banda suga ko bota fa. Kuma zafi yana kashe wasu bitamin irin su C, shi ya sa ni sau ɗaya nake gasawa a rana, sauran fakitin in dama kunu. Ki sha ruwa da yawa a kai.