Shin ƙwayar torin tana jinkirta tsufa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Tawa, na haura shekara sittin, kuma ina shan maganin hawan jini. Ɗan ƙanena da ke Faransa ya aiko mini da kwalbar wasu ƙwayoyi da aka rubuta taurine a jikinta, ya ce an gano suna jinkirta tsufa. Na kuma ga sunan a jikin gwangwanin lemon ƙara kuzari da samari ke sha. Shin maganar gaskiya ce? Idan ƙwayoyin suka ƙare, lemon zai iya maye gurbinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Torin, wato sinadarin taurine da ka gani a rubuce, ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam, domin hanta ce ke sarrafa shi, kuma yana da yawa a zuciya da tsoka da ƙwaƙwalwa da ido. Tun 1827 wasu masana biyu na Jamus suka fara ware shi daga maɗacin bijimi, amma wanda ke cikin kwalbarka a masana'anta aka haɗa shi.

Maganar ɗanka tana da tushe. A watan Yuni na 2023 mujallar Science ta buga binciken da masanan Jami'ar Kolambiya ta Amurka suka jagoranta, inda aka ɗauki ɓeraye masu wata 14, wato waɗanda suka kai tsakiyar rayuwa, ana ba su torin kullum, sai aka ga sun zarce waɗanda ba a ba su ba da kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na tsawon rai. An kuma ba birai na wata shida, ƙashinsu ya ƙara ƙwari, sukarin jininsu ya daidaita. Sai dai awon da aka ba ɓerayen mai yawa ne ƙwarai, giram ɗaya a kan kowane kilo na nauyin jiki, kuma masu binciken da kansu sun ce sai an yi gwaji a kan mutane kafin a yanke hukunci. Masu talla ne suka tsallake wannan gargaɗi.

Hujjar ta ƙara rauni a 2025. Binciken farko ya ginu ne a kan cewa torin yana raguwa a jini yayin da shekaru ke ja, amma masanan cibiyar nazarin tsufa ta gwamnatin Amurka, da suka riƙa auna jinin mutane da birai da ɓeraye a tsawon lokaci, sun tarar galibi ko dai yana nan yadda yake ko ma ya ƙaru. A ganina, wanda ya ce maka ƙwayar nan tana ƙara wa mutum kwana ya riga malam masallaci.

Abin da ya fi damuna shi ne hawan jininka. Wasu gwaje-gwaje sun nuna torin yana ɗan sauke jini, don haka haɗa shi da maganin da kake sha na iya sa jiri idan ka miƙe tsaye, balle a zafin watan Afrilu da ake yawan gumi. Ka kai wa likitan da ke duba ka kwalbar ya karanta awon da ke jiki, kuma kada ka ajiye maganinka saboda ita. Mai ciwon ƙoda da mai sankarar jini su ƙaurace mata sai da izinin likita.

Lemon kuwa, sam ba zai maye gurbinta ba. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da torin giram ɗaya, amma tare da kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi) miligiram 80 da sukari wajen giram 27, kuma kafeyin yana ɗaga jini, yana hana barci.

Idan torin ɗin kake so, yana cikin kifi da nama, musamman cinyar kaza, alhali gero da wake kusan ba su da shi. Kifin tafkin Tabalak da ke shigowa kasuwar Tawa ya wadatar, a dafa shi da ɗan gishiri kaɗan, a rage dunƙulen magi.