Ƙarar "zzz" a babban fiyano: kada ka fara da tsirkiya

Malam, ka ce duk sanda ka danna wani maɓalli ɗaya a babban fiyanonka sai ka ji "zzz" kamar ƙudan zuma ya shiga ciki, kana tambaya ko tsirkiyar, wato wayar da ke ba da sautin maɓallin, za a canja. A'a, tukuna. Galibi ba ita ce mai laifi ba, wani abu ne sakakke yake rawa tare da sautinta. Sa wani ya riƙa danna maɓallin, kai kuma ka bi da tafin hannu kana dafa murfi, hinjinsa, makulli da allon ɗora takarda. Inda ka dafa ƙarar ta ɗauke, nan matsalar take, sau da yawa sukuru ne ya kwance. Ka haska tocila ƙarƙashin tsirkiyoyin ma. Ni na taɓa ɓata yini guda ina zargin tsirkiya, ashe fensir ne yaro ya jefa kan katakon sautin, wato faffaɗan katakon da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin yana ƙara musu amo.

Sai dai in maɓallin na ɓangaren hagu ne, wajen manyan tsirkiyoyi masu naɗin jan ƙarfe, to mai yiwuwa naɗin ne ya saki. Gyaransa shi ne a sassauta tsirkiyar, a cire ta daga ƙusar baya, a murɗa ta ta fuskar da naɗin ya bi, a mayar a saita. Wannan kam ka bar wa mai gyara, don nauyin da tsirkiyoyin ke ja gaba ɗaya ya kai wajen tan 18, in ɗaya ta tsinke tana iya yi maka rauni a ido.